Ina Jinin Ya Tafi? Ire-iren Ƙarancin Jini da Yadda Ake Kula da Shi a Asibitocin Ƙasar Hausa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da damina ta nutsa, ɗakin yara na manyan asibitocin Arewa yakan cika har a riƙa kwantar da yara bibbiyu a gado ɗaya. Uwa ta shigo da goyo, yaro na numfashi sama-sama, ya ƙi kama nono. Kafin likita ya taɓa wata na'ura yakan ja fatar idon yaron ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa ya jera da na uwar, ya leƙa harshe. In ya ga sun yi fari fat, sai ya ce a garzaya ɗakin gwaji a auna PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, a kuma fara neman mai ba da jini. A bakin ƙofa za a ji uwar tana shaida wa dangi a waya: "An ce jininsa ya ƙone."

Maganar tata ba ta yi nisa da ilmin likita ba. Jini yakan ƙone, wato jajayen ƙwayoyinsa su farfashe tun kwanansu bai kai ba. Yakan kuma zuba, a fili ko a ɓoye. Akwai kuma lokacin da jiki ne ya kasa ƙera shi yadda ya kamata. Abin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, ƙarancin jini alama ce kamar zazzaɓi, kuma duk wanda ya miƙa wa majinyaci kwalbar maganin ƙarin jini ko ya rataya masa leda bai tambayi inda jinin ya tafi ba, rabin aiki ya yi, wani lokaci ma ya yi ɓarna.

Ma'auninsa sinadarin himogulobin ne, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa iyaka: namiji baligi da himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita yana da ƙarancin jini, mace marar ciki 12, mai ciki 11 a farko da ƙarshen ciki. A ƙananan asibitoci an fi auna PCV saboda sauƙinsa, kuma adadinsa yakan ninka na himogulobin kusan sau uku, don haka PCV 15 na nufin giram 5 ke nan, wanda a jikin ƙaramin yaro rai ne a hannun Allah. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. A faɗin duniya, ƙiyasin Hukumar Lafiya ga waɗannan rukunoni biyu shi ne kashi 40 da kashi 30. Tazarar ta isa ta tayar wa kowane ma'aikacin lafiya hankali.

Ƙwayar jini lafiyayya tana yin kwana kusan 120 kafin saifa ta tsince ta, ɓargo kuma yana maye gurbinta. Girman ƙwayar na ba likita labari mai yawa. In ta yi ƙanƙanta ta koɗe, hankali yakan tafi ga ƙarancin sinadarin ƙarfe. In ta yi girma fiye da ƙima, sai a tuna da folik asid da bitamin B12. In girmanta daidai yake amma yawanta ya ragu, a nemi zubar jini na kwanan nan, ko ciwon ƙoda, ko wata cuta da ta daɗe a jiki. Ɗigon jini ɗaya da aka shafa a gilashi, ƙwararre ya duba a madubin likita, yana iya nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da siffar lauje ta sikila da koɗewar ƙwayoyi a zama guda. Abin takaici ne ganin yadda wannan gwaji mai araha ke neman ɓacewa a wurare da yawa.

Sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ayon, ƙarancinsa ne kan gaba a musabbabai a duniya baki ɗaya. Jikin baligi bai riƙe fiye da giram 3 zuwa 4 ba, kuma abin da hanji ke tsotsa daga abinci a yini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ciki guda kuwa yana cin kusan miligiram 1,000. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji da ma'ajiyarta a bushe saboda jinin al'ada, ta yi ciki, ta haihu, ta sake ɗaukar wani kafin ta yaye, lissafinta ba zai taɓa tashi ba sai an taimaka mata daga waje.

Abincin gida ma yana da nasa hannu. Gero da dawa da masara suna da ƙarfe, sai dai suna ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsa. Zogale da rama da alayyahu da wake suna taimakawa, amma ƙarfen da ke cikin ganye bai kai na hanta da jan nama da kifi saurin shiga jiki ba, kuma kowa ya san kwanon da tsokar miya ke fara sauka a gidaje da yawa. Shayin da ake kurɓa a kan abinci yana ƙara toshe hanya, lemo da gwaba da tumatir kuwa suna buɗe ta. Shawarar a raba shayi da abinci da kamar awa guda ba ta cin ko kwabo, amma da wuya a ji ta a wajen awo. Haka nan kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara da masu ciki ke yi, wanda ake ɗauka laulayi ne kawai, sau da yawa alamar ƙarancin ƙarfe ce, kuma yakan tafi da kansa in an yi magani.

Sai ɓarayin ɓoye. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta fatar ƙafar wanda ke yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta maƙale a hanji tana shan jini kullum. Akwai tsargiya a garuruwan bakin madatsun ruwa da gonakin noman rani, inda yaro zai shekara yana fitsarin jini ana ganin ba komai ba ne. Ƙwayar albendazol ga ta farko da furazikwantel ga ta biyu sukan yi abin da kwalba goma ta maganin ƙarin jini ba za ta yi ba. Dattijo ɗan shekara hamsin ko sittin da aka samu da ƙarancin ƙarfe kuwa, ko macen da al'ada ta ɗauke mata, ba a sallamarsu da ƙwayoyi kawai. Dole a bincika ko gyambon ciki ne ke tsiyaya, ko yawan shan magungunan kashe ciwon jiki na kemis, ko basir, ko kuma ciwon daji na hanji da bai riga ya nuna kansa ba.

Maganin ba shi da tsada. Ga mai ciki, shawarar Hukumar Lafiya ita ce miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Inda ake samun cikas shi ne wajen ci gaba da sha. Ƙwayar na sa tashin zuciya, tana ɗaure ciki, tana mai da bayan gida baƙi, kuma macen da ba a yi wa bayani tun farko ba takan jefar da ita a mako na biyu. Wasu kuma na tsoron za ta sa ɗa ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya. Ko jini ya dawo daidai, ana so a ƙara wata uku ana sha don ma'ajiya ta cika. Ga wadda ta zo awo a makare ko cikinta ya ƙi karɓar ƙwaya, akwai ƙarfen da ake ɗurawa ta jijiya a zama ɗaya. Wani gwaji da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a asibitocin Legas da Kano, aka wallafa a 2024, ya nuna wannan hanya ba ta da haɗari ga masu ciki kuma ta fi ƙwaya cike ma'ajiyar ƙarfe, ko da yake yawan masu ƙarancin jini a ƙarshen ciki bai bambanta sosai tsakanin rukunonin biyu ba. Wannan sakamako da kansa darasi ne: ba ƙarfe kaɗai ke damun waɗannan mata ba.

Babban abokin tarayyar ƙarancin ƙarfe sauro ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su, saifa ta haɗa da lafiyayyu ta kwashe, ɓargo kuma ya yi sanyi wajen ƙera sababbi. Shi ya sa yaron da ke wasa ranar Litinin zai iya zama fari fat ranar Alhamis. A nan ne gaggawar ba da ƙarfe ke iya zama haɗari. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, wani babban gwaji da aka wallafa a 2006 sai da aka tsayar da shi kafin lokaci, saboda yaran da ake ba ƙarfe da folik asid kullum sun fi sauran kwanciya asibiti da mutuwa. Tun daga nan ƙa'idar ta zama cewa a yankin sauro ana ba yara ƙarfe ne tare da rigakafi da gwaji da maganin zazzaɓi, ba shi kaɗai ba.

Arewacin Najeriya ya ba duniya ilmi a wannan fage. A Zariya, a shekarun 1970 da 1980, Alan Fleming da Kelsey Harrison da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi 'yan mata masu cikin fari, suka nuna cewa kare su daga zazzaɓin cizon sauro na rage mummunan ƙarancin jini ƙwarai. A yau ana ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓi mai suna SP daga wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Akwai wani ɗan tarko da ya kamata ungozoma ta sani: folik asid mai ƙarfin miligiram 5, wanda ya cika kemis-kemis, yana rage wa SP ƙarfi, don haka ƙaramin ma'aunin ne ya dace da mai ciki da ke shan su tare. Ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 kuma akwai maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida a ƙasashen Sahel, har da Najeriya da Nijar, tun bayan da Hukumar Lafiya ta amince da shi a 2012.

Labarin folik asid ya faro ne daga Indiya. A 1931 likita 'yar Ingila Lucy Wills ta nuna cewa matan Bombay matalauta masu ciki, waɗanda ƙwayoyin jininsu suka yi manya-manya, suna warkewa da Marmite, wani abin shafa wa burodi da ake yi da yis. Sinadarin da ke cikinsa shi ne daga baya aka gane da folik asid, kuma yawan dafa ganye har ya narke yana lalata shi. Ƙarancin bitamin B12 na kama da shi a madubin likita, amma ya fi shi sharri domin yana taɓa jijiyoyi: ƙafa ta riƙa mutuwa, tafiya ta karkace, mantuwa ta shigo. In aka ba irin wannan majinyaci folik asid kaɗai, jini zai gyaru alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe a kan maganin metfomin su ne za a fi sa wa ido.

Amosanin jini, wato sikila, shi ne nauyin da Najeriya ta fi kowace ƙasa ɗauka, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a shekara. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a rubuce a Chicago a 1910, kuma a 1954 Anthony Allison ya nuna daga aikinsa a Gabashin Afirka cewa mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen sauro ke nan. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya samu kusan ɗaya cikin yara biyar na Najeriya AS ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato cutar kanta. Kowane ciki ne, ba wai in na fari ya zo da ita ukun da ke biye sun tsira ba, kuma wannan kuskuren fahimta ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma takardar gwaji ba ta wadatar in babu mai zama da saurayi da budurwa da iyayensu ya yi musu bayani a tsanake.

Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi, don haka himogulobin ɗinsa kan zauna tsakanin 6 da 9 ko yana cikin ƙoshin lafiya, jikinsa ya saba. Ƙarfe ba shi ne matsalarsa ba. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini ma ƙarfe ne ke taruwa a hantarsa da zuciyarsa, domin kowace leda na ɗauke da miligiram 200 ko fiye, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Miƙa wa irin wannan yaro maganin ƙarin jini na kemis ƙara wa Barno dawaki ne, kuma dawakin masu cutarwa.

Binciken Garki, wanda aka gudanar a ƙauyukan da yanzu ke Jihar Jigawa tsakanin 1969 da 1976, ya nuna abin da ke faruwa in babu kulawa. Kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da SS, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara tara da ƙyar ake samun ɗaya. Sauran sun riga mu gidan gaskiya ba a ma san sunan abin da ya kashe su ba. Abubuwan da ke sauya wannan labari ƙanana ne: gano cutar tun jariri na zanen goyo, fenisilin kullum har shekara biyar, allurar rigakafin ciwon huhu, kariya daga sauro, folik asid, shan ruwa sosai, da kauce wa sanyin hunturu. Sai koya wa uwa ta riƙa lalubar gefen hagu na cikin ɗanta, domin saifa na iya kumbura ta haɗiye jinin yaro cikin sa'o'i kaɗan, kuma uwar da ta iya ganewa ita ce ke kai shi asibiti da sauran numfashi.

Shanyewar ɓarin jiki na cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yara. A Amurka ana kare shi da ƙarin jini duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalai a nan ba. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, irin su Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka nemi wata hanya. Sun riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'urar sauti, suka ware yaran da ke cikin haɗari, suka ɗora su a kan maganin haidiroksiyuriya. Sakamakon gwajin yara 220 a Kano da Kaduna, wanda ya fito a 2022, ya nuna ƙaramin ma'auni da matsakaici duk suna ba da kariya iri ɗaya daga shanyewar jiki, matsakaicin kuma ya fi rage kwanciya asibiti. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a Benin a 2011, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Ga yaron Gumel ko Tasawa, abin da ya fi kusa shi ne a tabbatar haidiroksiyuriya ba ta yanke a kantin maganin asibiti ba.

Wasu nau'o'in ba su kai waɗannan yawa ba, amma mantawa da su na kisa. Ƙarancin sinadarin G6PD gado ne da ya fi kama maza, kuma mai shi lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da wasu magunguna ko ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai, sai jini ya farfashe, ido ya yi shawara, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Dalma na hana ɓargo ƙera himogulobin, kuma a 2010 gubarta daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi aiki, saboda haka ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani ga mai hawan jini ko ciwon suga na buƙatar gwajin ƙoda. Tarin fuka da ƙanjamau sukan sa jiki ya kulle ƙarfensa, sai an magance su jinin ke tashi. In kuma jajaye da fararen ƙwayoyi da masu tsayar da jini duk suka faɗi tare, ɓargon ne da kansa ya gaza ko sankarar jini ta shiga, kuma wannan na babban asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba.

A ɗakin haihuwa ne duk waɗannan hanyoyi ke haɗuwa. Mace mai himogulobin 12 za ta iya jure zubar jinin da zai kashe mai 7. Ido kuma ba ya iya auna jinin da ya jiƙa zane da katifa. Gwajin da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni. Da zarar jini ya kai iyaka sai a yi komai lokaci guda, a murza mahaifa, a ba da oksitosin da maganin tsayar da jini, a sa ruwa, a duba inda ke zuba. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna raguwar mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100.

Ƙarin jini yana ceton rai, amma yana da ƙa'idoji. Yaron da himogulobin ɗinsa ya gaza 4, ko yake tsakanin 4 da 6 yana haki, ba a jira da shi. Wanda jininsa ya daɗe yana raguwa a hankali kuwa zuciyarsa a gajiye take, sai a sa masa sannu-sannu, sau da yawa tare da maganin sa fitsari, don kada ruwa ya taru a huhu. Kowace leda sai an tantance ta daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Kuma kafin ɗigon farko ya shiga jijiya a ɗebi samfurin jinin majinyacin a ajiye, domin bayan an gauraya shi da na wani, gwajin sikila na iya ruɗar likita har tsawon wata uku.

Yaron da aka fara da shi zai samu leda, tafin hannunsa ya yi ja, a sallame shi a kwana na huɗu uwa na godiya. Watannin da ke biye su ne mafi haɗari gare shi, domin gidan da ya baro da sauronsa yana nan, jininsa kuma bai gama farfaɗowa ba. Wani gwaji a Kenya da Uganda da aka wallafa a 2020 ya ba irin waɗannan yara cikakken maganin zazzaɓi a mako na 2 da na 6 da na 10 bayan sallama, sai mutuwa ko komawa gadon asibiti ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a tsawon lokacin shan maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan cikin shawarwarinta a 2022. Aiwatar da shi a Katsina ko Maraɗi na buƙatar a rubuta wa uwar ranakun a katin sallama, a ba ta maganin ta tafi da shi, a kuma sa ma'aikacin lafiya na unguwarsu ya leƙa ya tuna mata.